Shekarar da Na Koyi Zubar da Hatsi

Ni Bagobira ce, 'yar wani ƙauye da ke kusa da Gidan Sori. Da aka kai ni gidan miji can ƙasar Gangara, abu ɗaya na tafi da shi wanda nake jin ya fi duk ƙoren ɗakina daraja, wato na iya sheƙar hatsi. Kyau dai ba ni da shi can-can, baki kuwa akwai shi har ya yi mini yawa. Amma a ba ni dami in sussuke a turmi, in ɗaga ƙwarya sama in karkata ta ga iska, to kazar da ta zo tono a ƙaiƙayina da haushi za ta koma gida. Innata ce ta koya mini, kuma da ranƙwashi ta koya mini. A wurinta duk ƙwayar da ta bi ƙaiƙayi gumin mahaifina ne aka zubar.

Mahaifina da mahaifin mijina sun saba da juna wajen cinikin gyaɗa a kasuwar Cadawa, daga nan zumunci ya ƙullu har ya kai ga aurenmu. Ina son mijina, shi ma haka, don haka ba a nan labarin yake ba. Labarin yana bayan gari, ƙarƙashin wani babban gawo inda matan unguwarmu suke ajiye turamensu. Nan ce masussuka. Kullum da sassafe maigida zai hau rumbu ya jefo dami, mata su ɗauka su kai can, a sussuke, a sheƙe, a koma gida da tsaba don surfe da daka.

Tun ranar da na fara zuwa na ga abin da ya tsaya mini a rai. Matan nan ba su iya sheƙa ba. Manyan mata masu jikoki, sai ka ga mace ta ɗaga ƙwarya tana zuba, hannunta ya ɗan goce, hatsi ya tsallake ƙwaryar ƙasa ya bi ƙaiƙayi, ita kuwa ko a jikinta, tana ta hira. Surukata, wadda muke kira Iya, ita ma haka take yi, alhali mace ce mai tattali a kowane abu. Ina cikin kunyar amarci, amma a zuci na gama yanke musu hukunci cewa ragwaye ne.

In mata sun watse, hantsi ya ɗaga, sai wata tsohuwa ta fito daga bukkarta ta bakin gari da sanda da faifai. Kowa Gwaggo yake ce mata. Doguwa ce siririya, idanunta sun yi yana, ba ta ganin komai sai inuwar mutum. Za ta zauna cikin ƙaiƙayin nan mai sa susa, ta yi ta bakace shi tana lalube da yatsu. Na tambayi wata maƙwabciyarmu, ta ce ai kajinta take nemar wa abinci. Ban ƙara bi ta kan zancen ba.

Rani ya wuce, damina ta sauka har ta yi nisa. Shekarar ce aka ce mun sami mulkin kai, amma ni abin da na fi tunawa da watan nan yunwa ce. Hatsin gona ya yi kara bai fid da kai ba, na rumbu ya kai gindi, surukina ya mai da dami ɗaya na kwana biyu. Ga ni da ciki ya kusa wata shida, kullum bakina yana neman abin tauna. Ina kallon hatsin da za a yi mini fura da shi yana bin iska don kajin wata tsohuwa, raina ya yi ta ɓaci.

Sai na yi dabara irin ta mai wayon banza. Ranar nan da mata za su wuce gona, na ce bayana yana ciwo, zan biyo su a hankali. Suna ɓacewa na tattara ƙaiƙayin turame duka wuri ɗaya, na tsaya inda iska take kaɗawa, na sake sheƙe shi tas. Na sami tsaba cike da ƙoƙo. Na ɓoye ta cikin tukunya a ɗakina, ba don in ci ba, don in tara shaida. Washegari na sake. Ina barin wurin na waiga, na hango Gwaggo zaune tana juya ƙaiƙayi, ta ja jiki zuwa gindin wani turmin, ta dawo, ta sake komawa. Har dariya na yi, na ce yau kaji za su yi azumi. Dariyar nan ce har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah.

Rana ta uku da la'asar maza duk suna ƙofar mai gari. Wani manzo ne ya zo daga Gazawa da labarin cewa Nasara ya miƙa ƙasa, ana ta kiɗa. Na ga gida ya zama namu, na juye abin da na tara a ƙwarya, ya kusa tiya guda, na kai gaban Iya na durƙusa.

"Iya, dubi abin da ake zubarwa a masussuka. Can gidanmu ba a haka."

Ta dubi hatsin, ta dube ni. Ni kuwa yabo nake jira.

"Ina kika samo shi?"

"Cikin ƙaiƙayi. Sake sheƙewa na yi."

"Kwana nawa?"

"Uku."

Ta yi salati a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta buɗe ƙwaryarta, ta ɗauko dunƙulen furar da ta ajiye wa kanta, ta sa a ƙoƙo ta rufe da gefen zane.

"Taho," ta ce. "Bakin nan naki kuwa ki bar shi nan gida."

Bukkar Gwaggo a share take ƙal. Abin da na fara lura da shi, babu kaza ko ɗaya a wurin, babu akurki, babu ko gashin kaza a ƙasa. Turminta a kife. Kan murhu ƙaramar tukunya ce da ganyen tafasa zalla. Tana jingine da danga, da ta ji sallamarmu ta so miƙewa, sai da ta dafa ƙasa sau biyu. Nan take na gane ko wace ce ta yi azumin da na yi wa dariya.

Iya ta zauna ta gaishe ta doguwar gaisuwa, kamar ba abin da ya kawo mu. Sannan ta ce, "Gwaggo, kwaɗayi ne ya kawo mu. Kin san masu ciki. Yarinyar nan tun sahe take damuna da tahasa, ta gonarmu kuwa ta tsuhwa. Ki ba mu taki, ga hura, mu yi musaya."

"Musaya ko?" in ji Gwaggo. "To, in musaya ce na yarda."

Ta juye mini rabin ganyen nan a ƙoƙo. Na ci a gabanta, ba gishiri ba komai, yana wucewa da ƙyar. Furar kuwa ta ajiye ta gefe, hannunta yana kan murfin, amma ba ta taɓa ba muna zaune. Da za mu tashi ta ce, "Kwana ukun nan iska ta yi rowa a masussuka." Iya ta ce haka iska take, wata rana ta ba ka, wata rana ta hana.

A hanya Iya ta ba ni labarinta. Mutanen Gwaggo daga arewa suke. Cikin tantunan makiyaya aka haife ta, uwarta baiwa ce. Ta tashi tana yi wa wasu daka, ba ta cin komai sai abin da ya rage a tukunya, shi ma sai ta tsaya ta tara hannu an zuba mata. Da ta yi aure suka sauko nan suka sari gona, sai ta yi rantsuwa ba za ta ƙara cin abin da aka sa mata a hannu don tausayi ba. Mijin ya rasu, ɗanta guda ya tafi cin rani kudu bai dawo ba, ido ya tafi, noma ya gagara. A kai mata zakka da kaka, ta mayar. A kai mata tuwo, ta yi godiya ta mayar. Wata damina har ta kusa mutuwa a bukkar nan. Daga nan ne manyan mata suka fara barin hannu ya goce, ba tare da an yi taro ko an yi shawara ba. Abin da ke cikin ƙaiƙayi ba na kowa ba ne, wanda ya sha susa ya tsince shi, guminsa ya ci.

"Maza ba su sani ba, ko kuma sun sani sun yi kamar ba su sani ba," in ji Iya. "'Yan mata sai sun yi hankali ake hwaɗa masu. Ke ma na so in hwaɗa miki, na ce bari in ga hankalinki tukuna. Laihina ne."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ƙaiƙayi dai ya koma kan masheƙiya. Na bi bayanta ina kuka har gida, masu dawowa daga wurin kiɗa suna tambaya ko lafiya, Iya tana ce musu cikin ne.

To, mai zafin kai ko tuba za ta yi da zafin kai take yi. Washegari na ɗauki hatsin nan da na tara na tafi da shi masussuka a ɓoye, na watsa cikin ƙaiƙayin turminmu, sannan wajen sheƙa na saki hannu sosai. Na koma gida ina jin na gyara ɓarnata.

Da azahar mata sun dawo daga gona muna tsakar gida, sai ga sallamar Gwaggo, da sanda a hannu da ƙwarya a ka. Ta sauke a gaban Iya.

"Wa ke sheƙa a turminku?"

"Amarya ce," in ji Iya.

"Na yi zato. Wannan ba tsintuwa ba ce, ɓarna ce. Ga hatsinku. Ba ni cin abincin gidan da ke da mai ciki a tsakiyar damina." Ta juyo wajen da take jin numfashina. "Ke ɗiyar mutane, ba wanda ya koya miki aiki ne? Haka za ki yi ta yi har mijinki shi gaji da ke? Ku ba ni ita in koya mata, tun abin bai zama abin kunya ba."

Ni! Ni za a koya wa sheƙa! Bakina har ya buɗe, sai na ji yatsun Iya sun kama naman cinyata ta ƙarƙashin zane.

"Wallahi da kin taimake ni, Gwaggo," in ji Iya. "Na yi na yi ta ƙi iyawa. Amma sai in za ki karɓi ladanki, ƙoƙon hatsi guda kullum. Malamin allo ma ba banza yake koyarwa ba."

Gwaggo ta tsaya tana juya sandarta a ƙasa. Can ta ce, "Aiki da lada ai ba roƙo ba ne."

Haka na zama sakarar unguwa. Kullum da sassafe Gwaggo tana masussuka kafin mu zo, zaune kan wani gungume da guntun kara a hannu. Da kunne take aiki. Tana jin bambancin ƙarar hatsin da ya faɗa ƙwarya da wanda ya faɗi ƙasa, yana gocewa kara zai sauka a gwiwar hannuna. Ni kuma dole in riƙa gocewa, don ranar da na iya, ranar aikinta ya ƙare, ƙoƙon kuma ya tsaya. Yau in nuna na ɗan gane, gobe in koma gidan jiya. Manyan mata da suka san dawar garin suna ɗaure fuska suna cewa, "Sai haƙuri, Gwaggo, kan Gobirawa da tauri." 'Yan mata da ba su sani ba kuwa da gaske suke dariya, har suna suka sa mini, wai mai ciyar da tsuntsaye. Mijina ma ya ji a gari, ya zo yana tsokanata wai ashe tsagar fuska kawai aka kawo masa. Na haɗiye. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, tsohuwar nan ta fi ni iyawa, ta ma fi innata. Ita ta koya mini in daina kallon iska, in ji ta a bayan wuyana. Ita ta koya mini cewa hatsin gindin rumbu ba shi da nauyi, sai a rage tsawon hannu. In mata sun wuce gona ta kan tsayar da ni ta ba ni labarin uwarta, yadda take sheƙa cikin iskar hamada ba ta rasa ƙwaya, don in ta rasa sai ta sha duka. Wata rana ana zancen mulkin kai da sabuwar tuta da aka ce an kafa a buro, wato ofishin gwamnati, na tambaye ta ko ta ji daɗi. Ta ce, "Madalla da su. Ni nawa na daɗe da karɓa, ranar da na daka hatsin gonata na ci ban jira kowa ba." Cikin makonnin nan kumatunta suka ɗan ciko, muryarta ta ƙara ƙarfi, karan ma ya ƙara zafi.

Da cikina ya shiga wata bakwai, hatsi ya fara nuna a gona, sai ga innata ta zo ɗaukata goyon ciki. Ni ba 'yar fari ba ce, don haka ba ta kunyata, da kanta ta zo. Ta hau motar 'yan kasuwa daga Maradi zuwa Cadawa, daga nan jaki. Ta iso da yamma a gajiye, gida cike da masu yi mata barka da zuwa, ban sami kaɗaita da ita ba. Da asuba kuwa tana ganin na ɗauki dami ta ɗauki taɓarya ta biyo ni, don ita ba ta iya zama.

Ba mu ko ajiye kaya ba wata yarinya ta ce, "Inna, sannu da zuwa. Ai ɗiyarki ta kusa iya sheƙa, Gwaggo na ta hwama da ita."

Innata ta tsaya cak.

"Ɗiyar wa? Wagga? Mi kika ce?"

"Ke ce uwar?" in ji Gwaggo daga kan gungumenta. "Kada ki ji komi. Yarinya ce mai ladabi, hannun ne dai ba a hore shi da wuri ba."

Na ga jijiyar wuyan innata ta tashi. Na san ta. Matar da ta taɓa barin biki saboda an ce furarta da tsakuwa, ita ce yau ake gaya wa a baƙon gari, gaban mata, cewa ba ta hori ɗiyarta ba. Ta juyo ta dube ni, tana jira in ƙaryata. Kalma ɗaya ta isa in wanke ta in wanke kaina. Kalma ɗayar nan kuma ta isa Gwaggo ta gane wata guda da rabi ana ciyar da ita da dabara, ta koma bukkarta ta kife turmi, ba mai sake fito da ita. Mata duk suka dakata da sussuka. Iya tana can gefe, ta sunkuyar da kai kan turminta.

Na kwance damin. Na sussuke, na kwashe a ƙwarya, na ɗaga. Na zuba rabi daidai, sannan a gaban matar da ta haife ni na karkatar da hannu, hatsi ya tsallake ya bi ƙaiƙayi. Kara ya sauka a gwiwar hannuna.

"Kin gani ko?" in ji Gwaggo. "Kullum a nan take gocewa."

Innata ba ta dubi hatsin da ya zube ba, hannuna take kallo. Ita ta yi hannun nan, ta san abin da zai iya da abin da ba zai yi da kuskure ba. Daga hannuna ta dubi idanun Gwaggo, ta dubi zanenta mai faci, ta dubi ƙoƙon da ke ajiye kusa da ƙafarta. Sannan ta dubi Iya, Iya ta ɗago, suka haɗa ido.

Sai na ga innata ta ajiye taɓarya, ta gyara zanenta, ta je gaban gungumen nan ta durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, Allah shi saka miki da alheri. Ni na yi iyakar ƙoƙarina, abin ya hi ƙarhina. Kin gyara mani ɗiya."

Gwaggo ta miƙe zaune sosai, ta gyara ɗankwalinta. Fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa gani ba.

"Ba komi," ta ce. "Ɗa na kowa ne. In ta haihu ku maido mani ita, akwai saura."

Kwana biyu bayan haka muka kama hanya. An riga an fara yankan sabon hatsi, Iya kuma ta raɗa mini cewa akwai wata jikarta da ita ma hannunta zai fara gocewa, kada in damu. Ina kan jaki, innata tana tafe a ƙasa, idonta yana kan hanya har garin ya ɓace a bayanmu. Ni ma ban iya dubanta ba, don na san abin da durƙuson nan ya ci mata. Sai da muka tsaya shan ruwa a wata rijiya ta yi magana, ba ta ko juyo ba.

"Wa ya koya miki wanga abu?"

"Iya ce, da matan unguwa."

Ta daɗe tana kallon ruwan cikin ƙoƙo. Sannan ta miƙo mini, ta ce, "Da ubanki ya ce Gangara za a kai ki aure, kwana uku ban ci abinci ba don nisa. Ashe gidan mutane munka kai ki."